Burodin da muke ci da wanda muke zubarwa

 Darasinmu na wannan karo a kan burodi ne. Wani zai ce, mene ne abin karatu a cikin burodi, ai saye ake yi a ci? To, ku biyo mu sannu a hankali.

Kwanan baya mun je rangadin cibiyoyin yaƙi da jahilci a wani gari da ke arewa da Tawa, muka kwana can. Da sassafe muka zauna teburin wani mai shayi kusa da tasha. Muna zaune sai yaronsa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur zai kai juji. Muka leƙa. Kwalin cike yake da guntayen burodi. Wani an gutsura an bari. Wani ya bushe ya yi tauri kamar icce. Wani yana cikin leda ya yi gumi, funfuna ta fara kama shi. Mai shayin ya ce na kwana uku ne. Ya ce motar da ke kawo burodi daga Tawa ba kullum take zuwa ba, shi ya sa yakan sayi da yawa, ga shi kuma mutane ba su son na jiya.

Ba mu ɗora masa laifi shi kaɗai ba. Da muka koma gida muka duba namu kwandon, abin da muka gani bai bar mana bakin yi wa kowa faɗa ba.

A garin nan kuwa, rijiyar da ake sha ta yi zurfin da sai da jaki ake jan guga. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Daga ina burodi yake zuwa?

Kakanninmu sun san alkama. Tun kafin zuwan Turawa ana nomanta kaɗan-kaɗan a fadamun ƙasar Hausa da garaken Abzin. Da ita ake alkaki da funkaso da taliya, Abzinawa kuma suna yin tagalla, wadda ake gasawa cikin rairayi da garwashi. Amma a wurinmu alkama abincin biki ce da na babban baƙo. Dogon burodin nan da muka sani, zamanin mulkin mallakar Faransa ya shigo. Ya fara a birane, wurin ma'aikata da sojoji. Daga baya ƴan bida da suka saba da shi a Abijan da Legas da Kwatano suka dawo gida da sabonsu. Yau da wuya ka je kasuwar ƙauye a Adar ba ka ga burodi ba.

Ba mu ce burodi mugun abu ba ne. Yana hutar da mace daga daka da hura wuta da asuba. Matafiyi yana sa shi a jaka. Ɗan lakkol yana ci ya tafi a kan lokaci. Mutane da yawa kuma da shi suke ci da iyalinsu: mai gasawa, mai talla a keke, mai shayi.

Sai dai alkamar da ake yinsa da ita, mafi yawanta ba tamu ba ce. Abin da Nijar take nomawa a shekara bai wuce ƴan dubban tan ba, alhali duniya tana noma fiye da tan miliyan 750. Manyan masu nomanta su ne Sin da Indiya da Rasha. Tsabar da ta zama burodin Tawa, wataƙila a Rasha ta tsira, ko Faransa, ko Amurka. An girbe ta, an zuba ta jirgin ruwa, ta yi kwanaki bisa teku kafin ta sauka Kwatano ko Lome ko Legas. An niƙa ta, an ɗura garin a buhu, an ɗora wa manyan motoci. Daga Kwatano zuwa Yamai ya fi kilomita 1,000. Daga Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500. Garin da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙonni shi ma haka ne, domin masana'antun can da alkamar waje suke aiki. Kowane taƙi na wannan tafiya, an ƙona man gazuwal, an biya kuɗi.

Abin da ya zo daga nesa, farashinsa ba a hannunka yake ba. Manya sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk abin da ake sayowa daga waje ya tashi, har da garin alkama. A watan Fabrairu na 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren. Kafin yaƙin, ƙasashen nan biyu su ke fitar da fiye da kashi 1 cikin 4 na alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya. A watan Maris na shekarar farashinta ya hau inda bai taɓa kaiwa ba. A ƙasashe da yawa masu gidan burodi suka ƙara kuɗi, wasu kuma suka bar kuɗin yadda yake suka rage girman burodin. A 2023, da aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, sai kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. Mutumin Kalfu ko Barmu bai san inda Yukren take ba, amma ya ji yaƙinta a aljihunsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ruwa nawa ke cikin burodi guda?

A nan muna so kowa ya ɗauko alkalami, mu yi lissafi tare.

Malaman gona suna auna ruwa da milimita. In aka ce an yi ruwa milimita 1, to kowace hekta, wato fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ta sha lita 10,000. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce alkama tana bukatar milimita 450 zuwa 650 daga shuka zuwa girbi. Mu ɗauki 500. In muka ninka 500 da 10,000, mun sami lita miliyan 5 a hekta guda. Mu ɗauka kuma hektar ta ba da buhu 25 masu cin kilo 100, wato kilo 2,500. Mu raba miliyan 5 gida 2,500. Amsa: lita 2,000. Kowane kilo na alkama ya sha lita 2,000. Tano, wato gangar nan mai cin lita 200, har guda 10 ke nan.

Masu bincike da suka haɗa lissafin ƙasashen duniya sun sami abin da bai yi nisa da namu ba: kusan lita 1,800 ga kilon alkama, kusan lita 1,600 ga kilon burodi. In dogon burodi guda ya kai kwatan kilo, to ya ci lita 400. Tano 2 ke nan. Wanda ya ci rabi ya jefar da rabi, ya kifar da tano guda.

Yanzu ku tuna rijiyar da muka ce ku riƙe, da jakin da ke jan guga. Guga nawa zai ja kafin ya cika tano? A cikin kwalin mai shayin nan, tano nawa aka kai juji?

Gaskiya ɗaya ce, ruwan nan yawancinsa ba daga rijiyarmu aka ɗebo shi ba. Ruwan sama ne da ya zuba a gonar wani manomi a wata ƙasa. Amma mun biya kuɗinsa da guminmu. In kuwa alkamar gida ce, to ruwanmu ne kai tsaye.

Me ya hana mu noma tamu?

Ana yawan yi mana wannan tambaya a cibiyoyi. Amsarta biyu ce: sanyi da ruwa.

Alkama shukar sanyi ce. Ba ta jure zafin damanarmu, sai a hunturu take yi. A hunturu kuwa ba a ruwan sama a ƙasarmu. Ko da ma tana yi da damana, ruwan da Tawa ke samu a matsakaiciyar shekara bai cika wuce milimita 400 ba, in ka nufi Abalak kuma sai ya ƙara raguwa. Hatsi yana iya nuna da wannan ruwa, alkama ba ta iyawa. Saboda haka duk ɗigon da za ta sha, sai an tare shi a madatsa, ko an jawo shi daga tabki ko rijiya. Masu iya magana sun ce, alkama bisa dutse, Allah ke ba ta ruwa. Mu mutanen Adar dutse bai yi mana wuya ba. Ruwan ne abin nema.

A jiharmu, inda aka fi sanin noman alkama shi ne gandun ban ruwa na Ƙonni. An gina shi a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, girmansa ya fi hekta 2,000, yana ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978. Ruwansa daga madatsu biyu yake zuwa, Mozage da Zango, waɗanda ke tare ruwan gulbin Majiya. Da damana ana noman dawa da hatsi da masara, da rani kuma alkama da albasa da sauran kayan garka.

Ga inda maganar ta shafi kewayen ɗan Adam, wato muhalli. Majiya daga tuddan Adar take gangarowa, ta wajen Buza. In tudu ba icce, ba ciyawa, ruwan sama ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Yana kwarara da ƙarfi, yana kwashe ƙasar gona, ya kai ta cikin madatsa. Shekara da shekaru laka da rairayi suna taruwa, cikin madatsar yana cikewa, ruwan da take riƙewa yana raguwa. In ruwa ya ragu, filin da za a iya nomawa da rani ya ragu. Haka ya faru da madatsun Ƙonni. Ke nan wanda ya sare icce a kan tudu ya rage wa mai alkama ruwa, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Wanda kuma ya jera duwatsu, ya haƙa tassa ko rabin wata, ya bar ƴan itatuwa su tashi a gonarsa, ya taimaki gonarsa, ya taimaki na gangare.

Mun san wannan aiki, ba labari aka ba mu ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. Tun 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin farfaɗo da ƙasa a Kaita, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan fako, har wuraren da suka mutu suka sake yin kore.

Mai garka a fadamar Tadis ko bakin tabkin Tabalak, in yana da ruwan da zai kai shi watan Maris kuma yana so ya gwada alkama, ga abin da ya kamata ya sani. Lokaci shi ne kan gaba. A shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya bari sai Janairu, zafin bazara zai riski alkamarsa tana cikin yin ido, tsabar ta yamushe, ya yi wahalar banza. A nemi iri mai jure zafi ta hannun malamin gona ko cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Kada a shuka tsabar da aka saya a kasuwa ba a san asalinta ba. A gyara fangali ya daidaita, a zuba takin gida da ya ruɓe sosai. A shuka a layi, tsakanin layi da layi kamar taƙi guda na hannu, wato santimita 20, kada a binne iri da zurfi. Hekta guda tana cin iri kamar kilo 100. Ban ruwa kusan kowane mako ne, gwargwadon ƙasa. Lokuta uku ne ba ta yafe ƙishirwa: mako uku bayan shuka, lokacin fure, da lokacin da tsaba ke cika. In zangarniya ta yi ja, a tsai da ruwa. Cikin wata uku zuwa uku da rabi an girbe. Karan kuma abincin bisashe ne.

A kula, yawan ruwa ma cuta ne. Fangalin da ruwa ke kwanciya ba ya fita, da sannu gishiri ko kanwa za su taso, ka ga ƙasa ta yi fari-fari, daga nan sai ta ƙi shuka.

Namu ra'ayi shi ne, mai ƙaramar rijiya ya yi lissafi tukuna. Sau da yawa ruwan da zai ba alkama, in ya ba albasa ko dankali ko zogale, zai fi samun kuɗi da abin miya. Fangali biyu ko uku domin alkaki da funkason gida, wannan ba laifi. Amma kada wani ya ruɗe ku cewa Adar za ta ci da gidajen burodinta da alkamarta. Najeriya, da manyan madatsunta irin Tiga da Bakolori, ta hana shigo da alkama a 1987 don ta noma tata. Bayan ƴan shekaru ta janye hanin, domin abin da aka noma bai isa ba.

Icce, leda da juji

Bayan ruwa akwai wuta. Gidajen burodi da yawa a garuruwanmu da icce suke gashi. Kowa ya san yadda icce ya yi nisa. Abin da iyayenmu mata ke samu a bayan gari, yau sai amalanke da mota sun yi tafiya kafin su kawo shi. Burodin da aka gasa aka zubar, iccen da ya gasa shi ya ƙone a banza.

Akwai kuma leda. Burodi mai ɗumi in aka ƙulle shi a leda, gumi yake yi, gumi kuwa shi ke kiran funfuna. In aka jefar da shi da ledarsa, akuya ko saniya ta ji ƙanshi ta haɗiye duka. Mahauta sun san abin da suke ciro wa daga tumbin bisashen gari. Dabba tana ci ba ta ƙiba, tana ramewa har ta mutu. A 2014 an kafa dokar hana irin wannan sirirriyar leda a Nijar, amma ku dubi ƙayoyin bayan gari ku ga abin da ke rataye a kansu.

Abincin da ya ruɓe a tarin juji, inda iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai suna metan. Tana cikin iskokin da ke riƙe zafin rana a sararin sama, suna ƙara wa duniya ɗumi, suna rikita damana. A 2011 hukumar FAO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 3 na abincin da ake samarwa a duniya yana lalacewa ko ana zubar da shi. A 2024 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a shekarar 2022 an zubar da fiye da tan biliyan 1, kuma kashi 60 cikin 100 daga cikin gidaje ne. Ta ce asarar abinci ita ke jawo kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na iskokin nan masu ɗumama duniya. Abin da ya ba mutane mamaki a rahoton shi ne, ba ƙasashen masu arziki kaɗai ke zubarwa ba. Inda ake zafi kuma ba firji, abinci yana saurin lalacewa.

A karkara babbar asararmu tana faruwa tun kafin abinci ya shiga tukunya: ƙwari da kusu da gara a rumbu, albasa mai ruɓewa a rudu. Wanda ya noma alkama ko wake, ya shanya su bushe sarai, ya zuba a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, ya ɗaure kowane riɓi da kyau. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, ciki har da na INRAN a Maradi, an fara yaɗa shi a 2007.

Abin da iyayenmu mata suka riga suka sani

A gidan Bahaushe na da, tuwo ba ya zuwa juji. Wanda ya kwana, da safe a yi ɗumame. Wanda ya kama gindin tukunya, a kankare a shanya, ya zama ƙanzo. Ranar da aka rasa, a jiƙa shi, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da mai da yaji. Dusa ta tafi wurin bisashe, ruwan tsari ma haka. Yaro in ya ga tsaba a ƙasa an koya masa ya tsince. Ba wanda ya zo daga waje ya koya musu wannan, yunwa ce ta koya musu, malamai kuma suka ƙarfafa da hana almubazzaranci. Abin mamaki, da burodi ya zo, sai muka ƙi yi masa abin da muke yi wa tuwo, alhali ya fi tuwo tsada.

Burodi ma yana da ƙanzonsa. Wanda ya rage, kada a jira ya kwana a leda. A ranar a yanka shi ƙanana, a shimfiɗa a tire mai tsabta, a rufe da mayafi marar kauri saboda ƙuda da ƙura, a sa a rana. A ƙasarmu, in ba da damana ba, yini guda ya isa. In ya bushe har yana karyewa ƙas, a zuba a jakar tsumma ko gwangwani mai murfi. Zai yi makonni bai lalace ba. Ana tsoma shi a shayi ko madara ko romo, ana zuba masa miya. Ana daka shi ya zama gari, a ɗaure miya da shi, ko a haɗa da niƙaƙƙen nama. Burodin jiya da bai gama bushewa ba, a yayyafa masa ruwa kaɗan a ɗora bisa garwashi, zai yi laushi. Ko a tsoma shi cikin ƙwai a soya, yara har rububinsa suke yi.

Funfuna ita ce iyaka. Burodin da ya yi tabo kore ko baƙi ko fari mai gashi-gashi, ba a cinsa. Wasu sukan yanke wurin su ci saura. Wannan kuskure ne. Abin da ido ke gani kan funfunar ne kawai, saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki, wasu irinta kuma suna da dafin da wuta ba ta kashewa. Kada a ba yaro, kada a ba almajiri, kada a ba dabba. A cire ledar, a jefa shi ramin taki, a rufe da ƙasa da toka, ya koma gona.

Busasshen burodi mai kyau ana ba kaji. Tumaki da awaki ma suna ci, amma kaɗan-kaɗan, tare da ciyawa ko harawa. Ragon da ya samu kwano cike da burodi ya cinye a zama ɗaya, cikinsa zai yi tsami ya kumbura, yana iya mutuwa. Masu kiwon ragon layya su kiyaye.

Lokacin da aka fi zubar da abinci a Tawa, kowa ya sani, shi ne watan azumi da ranar biki ko suna. Ido ya fi ciki yunwa. Mai azumi da la'asar yana ganin zai cinye kasuwa, in an sha ruwa ya ci loma biyar ya ture. Abin da aka san ba za a ci ba, a fitar da shi tun yana da ɗumi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi. Wanda ya kwana kuwa, sai an tafasa shi har cikinsa, ba a ɗan nuna masa wuta ba. Mun sha ganin an bar shinkafa ta kwana ta fara yauƙi, sannan da safe a kira almajiri a juye masa. Wannan ba sadaka ba ce, juji ne aka mai da cikin ɗan mutane, gobe kuma ga shi kwance da zawo.

Shayi da burodi ba su isa yaro ba

Farin garin da ake burodi da shi, an cire masa dusa da ƙwayar tsiro wurin niƙa, nan kuwa amfani mai yawa yake. Burodi yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, wanda shi ke ƙara jini. Jariri har wata 6 nonon uwa kaɗai. Daga nan, kunun hatsi da aka haɗa da gyaɗa ko garin wake ko garin zogale ya fi masa burodi da shayi nesa ba kusa ba. In za a ba yaro burodi, a haɗa masa da ƙwai ko wake ko madara.

Hatsin nan da wasu ƴan birni suka fara rainawa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarar 2023 sukutum, shi da danginsa, saboda yana jure fari yana kuma gina jiki. A Senegal, tun shekarun 1970 cibiyar ITA ta Dakar ta fito da burodin da ake sa wa garin hatsi kashi 15 cikin 100. Ma'ana, a kowane kilo 100 na gari, kilo 15 daga gonar gida yake. Masu gidan burodin Tawa suna iya gwada irinsa ranar kasuwar Lahadi, su ji abin da masu saye za su ce. Mata masu funkaso da fanke ma suna iya gwadawa a gida da ɗan kaɗan.

Aikin da za a yi a cibiya

Muna roƙon malaman cibiyoyi su yi wannan lissafi da ɗalibansu a kan allo. Mu ɗauka burodi guda dala 40 ne. Wani gida kullum suna zubar da rabin burodi, wato dala 20. A kwana 30 sun zubar da dala 600, jika 3 ke nan. A wata 12 jika 36. A wasu shekaru wannan kuɗin buhun hatsi ne har da saura. Yanzu ɗalibai su sake lissafin da farashin garinsu. Sannan su nemo tano nawa na ruwa gidan nan ya kifar a shekara, in rabin burodi tano guda ne.

Bayan haka kowane ɗalibi ya ja layi bakwai a littafinsa, daga Asabar zuwa Juma'a. Kowace rana ya rubuta abincin da ya rage a gidansu, da inda aka kai shi: an ɗumama, an shanya, an bayar, an ba dabba, ko an zubar. Ranar da aka dawo aji kowa ya karanta nasa da ƙarfi. Malami ya tattara takardun, za mu karɓa in mun zo rangadi.